Uwar Shaihu Umar da Uwargidan Husaby: Tarken Matsayin Mace a Ƙagaggen Labarin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da marubucin Hausa ya waiwayi zamanin da ya wuce domin ya ƙago labari, abin da ya fi saurin faɗo masa a ido shi ne doki da takobi da ganuwa da fada. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tarihin da aka gadar mana, na baka da na rubuce, tarihin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Amma kowane mayaƙi da ya fita ta ƙofar gari ya bar wata a cikin gida, wadda ta haife shi ko wadda yake aure, kuma ita ma tana da nata kwanakin da ta ƙirga. Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda ƙagaggen labarin tarihi ya ɗauki rayuwar irin wannan mace, tun daga aurenta, zuwa haihuwa da reno, har zuwa tsufanta.

Za mu ɗora nazarinmu a kan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin a cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa shi ne ya fi ba uwa fili. Za mu ajiye shi kusa da wani littafi na ƙasar Nowe, wato Kristin Lavransdatter na Sigrid Undset, wanda ya bi rayuwar mace guda daga ƙuruciya har kabari. Ba gasa muke son haɗa su ba. Dalilinmu shi ne, mai son ya gane tsawon sandarsa sai ya jingina ta da wata. A ƙarshe za mu kawo abin da muke ganin ya rage a wuyanmu, mu ɗalibai da malaman Hausa na wannan yanki na Lafiya.

2.0 Taƙaitaccen Bayani Kan Littattafan Biyu

An rubuta Shaihu Umar ne sakamakon gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, aka buga shi a 1934. Gasar nan ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, a zamanin kuma aka sami Jiki Magayi na John Tafida da East. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, wato ke nan lokacin da ya rubuta littafin saurayi ne ɗan shekara 21 ko 22, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin harin bayi da fataucin hamada. Shaihu Umar, malami a Rauta ta ƙasar Bauci, shi ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani na hannun daman sarki. 'Yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙazafi bayan an dawo daga hari, sarki ya kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, a nan aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu yaro ya kai Kano, ya shiga hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasarsu ya ilmantar da shi. Uwar kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta aka bautar, aka ƙetara hamada da ita. Sun sadu a ƙarshe bayan shekaru masu yawa, amma ba ta daɗe ba ta cika.

Ita kuwa Sigrid Undset an haife ta a 1882, ta rasu a 1949. Mahaifinta masanin kayan tarihin da ake tonowa daga ƙasa ne, ta kuwa tashi cikin littattafansa da labaran mutanen da. Littafinta kashi uku ne: Kransen (kambun amarya) a 1920, Husfrue (uwargida) a 1921, da Korset (gicciye) a 1922. An ba ta kyautar Nobel ta adabi a 1928. Labarin ya faru a Nowe a rabin farko na ƙarni na 14. Kristin 'yar wani manomi ce mai daraja da tsoron Allah, sunansa Lavrans. An yi mata baiko da Simon, amma ta ƙi shi saboda Erlend, wani kyakkyawan ɗan manyan gida maras kan gado. Ta matsa har mahaifinta ya sallama, aka ɗaura aure tana ɗauke da cikin da ta ɓoye. Ta zama uwargida a gandun mijinta da ake kira Husaby, ta haifi 'ya'ya maza 8, ta ga rushewar arzikin gidan, ta ga mutuwar mijin, ta ƙare rayuwarta a gidan mata masu ibada lokacin babbar annobar da ta shiga Nowe a 1349.

Wajibi ne tun a nan mu faɗi bambancin girma. Shaihu Umar bai kai shafi 100 ba, domin an nemi gajerun littattafai ne da za a karanta a makarantu. Littafin Undset kuwa a fassarar Ingilishi ya haura shafi 1,000. Saboda haka duk inda muka ce Tafawa Ɓalewa ya taƙaita, mai karatu ya tuna da ƙunƙuntar filin da aka ba shi.

3.0 Aure

A littattafan biyu akwai abu guda da ya yi kama ƙwarai, kuma shi ne ƙashin bayan kowannensu: miji ya faɗi a fada, mata ta biya bashin. Makau ya rasa matsayinsa saboda hassadar fadawa. Erlend ya rasa Husaby saboda ya shiga maƙarƙashiyar raba Sarki Magnus da gadon sarautar Nowe, asiri kuma ya tonu ta hannun wata matar aure da yake nema. Ba a shawarci uwar Umar ba ranar da aka fita hari, ba a shawarci Kristin ba ranar da aka ƙulla maƙarƙashiya, amma su ne suka kwashe kayansu suka bar ɗakunansu. Marubutan biyu sun gane cewa siyasar maza ba ta tsayawa a zaure, sai ta shiga har cikin gida ta kife tukunya.

Bambancin yana wajen yadda kowane marubuci ya ɗauki auren kansa. A wurin Tafawa Ɓalewa, aure ƙofa ce da labari zai bi ya wuce. An gaya mana cewa bazawara ta sake aure, an nuna mana Makau mutumin kirki ne, daga nan sai hankalin labari ya koma fada. Ba mu ji yadda zaman ya kasance ba. Ba mu san abin da mace take ji ba idan ta shiga gidan sabon miji da ɗan wani a bayanta, alhali duk Bahaushe ya san matsayin agola da irin kallon da ake yi masa. Wannan babban jigo ne da ke kwance a bakin hanya, marubucin ya tsallake shi saboda yana sauri.

A wurin Undset kuwa, auren shi ne labarin. Abin da ya fi burge mu shi ne ba ta tsaya inda littattafan soyayya suke tsayawa ba. Kashi na farko ya ƙare da biki, kamar yadda ɗaruruwan littattafanmu na soyayya suke ƙarewa, amma saura kashi biyu suna gaba. Kristin ta sami wanda take so, sai ta isa Husaby ta tarar da gida a wargaje, rumbuna ba tsari, barori ba mai tsawata musu. Ita ce ta ɗaura ɗamara ta gyara, tana gyarawa tana ƙullatar mijin da ya sa ta saɓa wa mahaifinta. Shi kuma mutum ne mai saurin manta laifinsa, abin da ya ƙara mata ciwo ke nan, domin ita ba ta mantuwa. Undset ba ta mayar da Erlend mugu ba, ba ta kuma mayar da Kristin waliyyiya ba. Jarumi ne mai fara'a wanda bai fallasa abokan shirinsa ba ko da aka azabtar da shi, ita kuma mace ce mai ƙwazo wadda harshenta yake yanka kamar aska. Suna son juna har ƙarshe, kuma ba su iya zama lafiya da juna ba har ƙarshe.

Darasin da ke nan ga marubucinmu shi ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma wannan saɓanin ya isa ya ɗauki littafi ba tare da an kawo kishiya mai asiri ko boka ba. Yawancin labaranmu sukan nemo wa aure abokin gaba daga waje. Undset ta nuna cewa halin miji da halin mata kaɗai sun isa.

4.0 Haihuwa da Reno

A nan ne Shaihu Umar ya kai ƙololuwar ƙarfinsa, a nan ne kuma muke ganin manazarta ba su ba uwar haƙƙinta ba. An saba cewa jigon littafin shi ne bauta, ko haƙuri da ƙaddara, ko darajar ilmi. Duk waɗannan suna ciki. Amma idan muka tambaya wane ne a cikin littafin ya yi niyya da kansa ya kuma aikata, amsar ita ce uwar. Umar ɗaukarsa ake yi daga wuri zuwa wuri: ɓarawo ya ɗauke shi, masu tsintuwa suka ɗauke shi, mahara suka ɗauke shi, Abdulkarim ya ɗauke shi. Makau korarsa aka yi. Ita kaɗai ce ta tashi da ƙafarta, ba wanda ya tilasta ta, ta bar inda take da aminci ta shiga duniya. 'Ya ce, ba baiwa ba, amma neman ɗanta ya kai ta ga rasa 'yancinta. Idan tauraro shi ne wanda nufinsa yake tura labari gaba, to a rabin littafin nan uwar Umar ce tauraruwa, ko da yake sunan ɗanta ne a bango.

Akwai wani abu kuma da sai wanda ya san al'adar Hausa zai ji nauyinsa. Al'ada ta hori uwa da ta yi kunyar ɗanta, musamman na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ɗokinsa. Mace da ta tashi cikin irin wannan tarbiyya ita ce ta yar da kunya, ta shiga tambayar baƙi daga gari zuwa gari ko sun ga yaronta. Wato son da al'ada ta hana a faɗa da baki, sai ga shi an faɗe shi da tafiyar ƙafa har bayan hamada. Tafawa Ɓalewa bai tsaya ya yi sharhi a kan wannan ba, kuma rashin sharhin ya ƙara wa abin kwarjini.

Kristin ma ta yi tafiyar ƙafa. Bayan ta haifi ɗanta na fari, ta ɗauke shi ta taka ba takalmi zuwa babbar majami'ar Nidaros, inda kabarin Olav yake, sarkin da Kiristocin ƙasar suke ɗauka waliyyi, domin neman gafarar cikin da ta yi kafin aure. Sai dai tafiyar biyu ba ɗaya ba ce. Kristin tana tafiya ne da nauyin laifinta, uwar Umar kuwa ba ta da laifin da ya wuce barin yaro a hannun amana na 'yan kwanaki. Saboda haka wahalar Kristin tana koya mana wani abu game da zuciyarta, wahalar uwar Umar kuma tana koya mana wani abu game da zamaninta, zamanin da mace mai 'yanci za ta fita neman ɗanta ta wayi gari a kasuwa ana taya ta. Ta wannan fuska littafin Tafawa Ɓalewa ya fi na Undset zafin suka ga al'umma, domin babu yadda mai karatu zai ce matar nan ita ta jawo wa kanta.

Inda Undset ta yi zarra shi ne wajen nuna cewa ba ɓarawo kaɗai yake raba uwa da ɗa ba. Uwar Umar ta rasa ɗa ɗaya a rana ɗaya. Kristin ta rasa 8 a hankali. Biyu sun mutu suna ƙanana. Manyan biyu sun shiga gidan ibada suka bar duniya, ɗayansu idonsa yana dushewa. Sauran sun bi hanyoyinsu, wani aure, wani aikin manya a nesa. Ta yi shekaru tana tsoron kada su gaji halin ubansu, tana kuma son su saboda kamarsu da shi. Undset ta rubuta naƙuda da shayarwa da jinyar yaro da dare da irin dalla-dallar da marubuta maza suke rubuta yaƙi. Wannan shi ne abin da ya yi ƙaranci a namu adabin. Muna da kalmomin, muna da al'adun: goyon ciki, wankan jego, kunun kanwa, zanen suna, yaye, tallafi. Kowace ɗaya daga cikinsu fage ce da za a iya gina babi a kanta, amma a yawancin littattafanmu jimla guda ake ba su, a ce ta haihu lafiya, aka sha suna.

5.0 Tsufa

Idan muka tambaya wa aka bari ya tsufa a Shaihu Umar, amsar a fili take. Umar ne ya tsufa, ya zama Shaihu, almajirai suka kewaye shi, aka ba shi bakin magana. Uwar kuwa da zarar ta ga ɗanta aikinta ya ƙare a idon labarin, sai mutuwa. Babu shakka wannan mutuwa tana taɓa zuciya, kuma ta dace da gaskiyar abin da bauta take yi wa jiki. Amma ta fuskar zubi tana nuna cewa an auna rayuwar matar ne da ma'aunin ɗanta. Ba a tanadar mata wata rayuwa ba bayan shi.

Ƙarshen kashi na uku na littafin Undset a kan wannan mataki yake. Bayan an kashe Erlend, ɗansu Gaute ya karɓi gidan gado, ya kawo mata mai suna Jofrid, yarinya mai ƙwazo da tsimi. Ba ta zagi uwar mijinta ba, ba ta kore ta ba. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka ciwo: gida ɗaya ba ya ɗaukar uwargida biyu. Kristin ta ga ana sake tsarin da ta kafa, ana ƙirga abin da take bai wa mabarata, ta gane cewa hannunta ya fita daga rumbu. Ta tattara ta tafi ba tare da faɗa ba. Duk wanda ya zauna a gidan gandu a ƙasar Hausa ya san wannan rana, ranar da tsohuwa take miƙa ludayi da maɓallin rumbu ga matar ɗanta. A littattafanmu da finafinanmu an fi nuna uwar miji a matsayin muguwa mai hana ruwa gudu, ko kuma kaka mai ban dariya. Ba a cika shiga zuciyarta a ga abin da take rasawa ba.

Ƙarshen Kristin ya zo cikin annoba. Ta hana wasu mutane da tsoro ya ruɗa su binne yaro da rai domin su kori cutar, sannan ta je ta ɗauko gawar wata matalauciya da kowa ya guje wa, daga nan ita ma ta kamu. Kafin ta cika ta ba da zoben aurenta domin a yi wa matalauciyar addu'a. Wato tsufanta bai zama jiran mutuwa kawai ba, a cikinsa ne ta yi aikin da ya fi kowane girma a rayuwarta.

A nan ya kamata mu faɗi inda muke ganin rauni a littafin Undset. Marubuciyar ta shiga ɗariƙar Katolika a 1924, shekara biyu bayan kammala littafin, kuma ana jin ƙarfin wannan juyi a cikinsa. Sau da yawa nadamar Kristin takan yi tsawo har ta gundiri mai karatu, wani lokaci kuma sai a ji kamar kowace masifa da ta faɗa wa gidan an ɗaura ta ne da zunubin ƙuruciya guda. Daɗin daɗawa, Kristin 'yar masu ƙasa ce, barori da talakawan da suke yi mata noma ba su cika samun murya ba. Tafawa Ɓalewa, da ɗan ƙaramin littafinsa, ya sauka ƙasa fiye da haka, domin ya bi baiwa har cikin gidan ubangijinta.

6.0 Zubi da Bakin Mai Ba da Labari

Akwai wata matsala ta zubi a Shaihu Umar da take ƙarfafa ra'ayinmu. Umar ne yake ba da labari da bakinsa, amma wani babban yanki na abin da yake faɗa bai gani ba. Yana yaro ƙarami lokacin da aka yi wa Makau ƙazafi, yana wata ƙasa lokacin da uwarsa take shan wahala a hanya. Duk da haka labarin yakan bar shi ya bi ta. Mai tarke zai iya kiran wannan kuskure. Mu a ganinmu alama ce ta cewa labarin uwar ya fi ƙarfin ƙa'idar da marubucin ya kafa wa kansa, har ya karya ƙa'idar domin ya bi shi. Sai dai duk da haka ta bakin ɗa muke jin uwa. Abin da ɗa zai iya faɗa game da uwarsa a gaban almajiransa yana da iyaka, domin akwai kunya, akwai girmamawa. Ba zai ce ta yi fushi da Allah ba, ba zai ce ta taɓa yin da-na-sanin aurenta ba, ba zai faɗi abin da ake yi wa baiwa da dare ba. Saboda haka muka sami uwa mai tsarki, amma ba mu sami mace cikakkiya ba.

Undset ta zaɓi bakin mai ba da labari na waje wanda yake zaune a cikin zuciyar Kristin, yana kuma leƙa zukatan wasu. Wannan ya ba ta damar nuna abin da ba a faɗa. Misali, a daren bikin Kristin ne mahaifiyarta ta buɗe wa mijinta wani sirri na ƙuruciyarta da ta ɓoye shekara da shekaru, sai mai karatu ya gane cewa gidan da ake ganin ba shi da aibi shi ma yana da nasa tabon. Irin wannan fage ba zai yiwu ba a zauren Shaihu.

7.0 Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Wani zai ce ai ba mu da kayan aikin da za a rubuta irin wannan littafi, tunda tarihinmu bai adana maganar mata ba. Littafin Baba of Karo ya isa amsa. Mary Smith ta rubuta tarihin wannan tsohuwa daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta ga zamanin hari, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure sau 4, ba ta haihu ba amma ta yi renon 'ya'yan wasu, ta kuma tsufa ana zuwa neman shawararta. Ta yi bayanin ƙawance da kishi da bori da fansar waɗanda aka kama. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma ya tabbatar da cewa tsohuwar Bahaushiya tana riƙe da tarihin da ya kai na kowane marubucin fada yawa. Haka kuma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da jajinta da 'yan tarunta, matan ƙauye da suke takowa neman ilmi, yawancinsu tsofaffi da 'yan mata.

Marubuta mata sun riga sun buɗe rabin ƙofar. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980, zuwa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990, wanda ya bi matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan doguwar zama, an shiga cikin gida an faɗi abin da ke ciki. Amma waɗannan labaran zamanin marubutansu ne. Idan aka koma tarihi kuwa, sai a nufi Daurama da Amina ta Zazzau, wato matan da suka yi abin da maza suke yi. Macen da ta yi abin da mata suke yi, a zamanin da ya wuce, ita ce har yanzu take jiran marubuci.

Mu da muke wannan yanki ba mu da uzuri. Lafiya gari ne da Barebari suka kafa, ya yi zama a ƙarƙashin Bauci a ƙarni na 19, ƙasar da Shaihu Umar ya ƙare rayuwarsa. Ƙasa ce ta haɗuwar Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Fulani da Hausawa, inda auratayya ta sa mace takan shiga gidan da ba a jin harshen uwarta. Ga matan Keana da Awe da suka gaji dafa gishiri kaka da kakanni, fatake suna zuwa saye daga nesa. A Ashige da ƙauyukan da ke kewaye da ita akwai tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu yadda aka yi gudun hari, da yadda jirgin ƙasa ya fara ratsa Lafiya. Kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu. Ɗalibin da zai ɗauki littafi da alƙalami ya zauna a gaban kakarsa na tsawon hutu guda, ya tambaye ta wa ya zaɓa mata miji, 'ya'ya nawa ta binne, yaushe ta daina shiga madafa, zai tashi da abin da babu shi a kowane ɗakin karatu.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa uwar Umar ita ce mai nufi da aiki a littafin Tafawa Ɓalewa, kuma wahalarta ita ce suka mafi zafi da littafin ya yi wa zamanin bauta. Mun kuma nuna cewa ƙarancin fili da zaɓen bakin mai ba da labari sun hana mu ganin aurenta daga ciki, sun kuma hana ta tsufa. Littafin Sigrid Undset, duk da nauyin wa'azinsa da tsayawarsa a gidan masu hali, ya nuna cewa rayuwar mace guda ta isa ta ɗauki tarihin ƙasa. Saurayi ɗan shekara 22 ya kai uwar Umar har bayan hamada a 1934. Fatanmu shi ne a cikin masu karanta wannan mujalla a sami wanda zai rubuta irinta da bakinta, ya bar ta ta yi furfura a cikin littafin.